Ba a Toshe Shi

Kwana tara ke nan yana ɗiga.
Ɗis. Sai shiru. Ɗis.
Gwangwanin madara na girke ƙarƙashin hita,
banɗakinmu na Hanwa ya sami agogo
wanda bai damu da ɗaukewar wuta ba.

Sallau mai shagon bakin layi ya ce,
"Cusa masa tsumma, ki ɗaure da robar taya, kowa ya huta."
Na kawo wa Baba maganar tare da shayi.
Ya dire kofin har ya fallatsa:
"Sallau ya taɓa ganin tanki ya fashe?
Ni na gani, a kwatas ɗin Samaru.
Kwanon rufi ya yage kamar ganyen ayaba.
Ɗan ƙarfen nan shi ne ƙofar da zafi ke bi
in ciki ya cika ya rasa mafita.
Ba a toshe shi. Canja shi ake."

Shekara talatin da ɗaya Baba Jatau ya yi
yana ɗaura famfo a jami'a.
Yau cokali ma rawa yake a hannunsa.
To, ni ce hannun.

Na hau bas zuwa Sabon Gari
da lambar bawul a bayan takardar magani.
Ikenna ya ɗora guda biyu a kan kanta:
"Wannan na gaske, wannan kamarsa."
Na gasken ya cinye cefanen kwana uku.

Baba a kujerar roba, bakin ƙofa, bargo a gwiwa.
"Kashe wuta tukuna. Ba na bango ba, je can wurin mita.
Rufe ruwan shiga.
Buɗe famfon zafi, bar shi ya numfasa."
Na zuƙe tankin cikin bokiti.
Ruwan ƙarshe ja wur, kamar Kubanni da damina,
da ɓarɓashi fari-fari, ka ce kanwa.
"Ga abin da ke cin wutarki," in ji shi.
"Shekara-shekara ake wanke masa ciki."

Sifana ta kama, tsatsa ta ce ba ta san zance ba.
Na ja, na yi tsaki, fatar ɗan yatsa ta tafi.
"Laure, ƙarfe ba ya jin fushi.
Jingina nauyinki kawai."
Na jingina. Ya yi ƙara, ya saki.

Na sa masa tsohon a tafin hannu,
kore shar, bakinsa ya zaizaye.
Ya juya shi, ya sake juyawa.
"Shekarar da aka yaye ki na ɗaura shi.
Uwarki ce ta riƙe min tocila."
Tun ranar sadakar arba'in
bai ƙara ambatonta ba sai yau.
Na sunkuya ina neman farin tef
alhali yana hannuna.

"Naɗa shi yadda zaren ke tafiya, zagaye biyar.
Ɗaure, amma kada ki shaƙe shi.
Bakin fayif ya dubi ƙasa,
kada wata rana ya tofa wa wani a fuska.
Cika shi taf kafin ki ba shi wuta,
hita da ƙishi yake ƙonewa."

Na ɗaga ɗan hannun bawul don gwaji.
Ya furzar, ya rufe bakinsa ruf.
Wuta kuwa ba ta zo ba sai bayan isha.

Daren nan shirun ne ya hana ni barci.
Kunne ya saba, yana ta jiran ɗis.
Sai na ji shi, can daga ɗakin Baba,
wani sauti ƙasa-ƙasa
wanda ba tari ba ne.
Na tashi har bakin labule, na tsaya.
Ban shiga ba.
Ban ce ya yi haƙuri ba.

Da asuba na tara masa buta.
Ya sa yatsa, ya ce ya yi zafi da yawa,
in rage lambar, in kuma surka.
Gwangwanin madara ya bushe ƙamas.
Tsohon bawul yana kan taga,
kusa da tabarau da carbinsa.